Fatar Majemi

Ƙarfe biyun dare aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi uku, ta tsaya.
Ɗakin maza, gado na bakwai,
Baba Sallau na kallon rufi
da rabin fuskar da ciwo ya bar masa.

Shekara arba'in da ɗoriya yana jima
can bayan Ƙofar Marusa.
Ya san fatar akuya da tafin hannu,
ya san ranar da toka ta isa,
ya san bagaruwar da ta nuna.
Ya san in ka manta fata a kwatarniya
kwana guda cikin bazara,
ka ɗago ta tana saɓulewa
kamar takardar da ruwa ya daka.
"Ruwa da zafi," yakan ce muna yara,
"su ke gyara fata, su ke kashe ta."

Yau ga shi bisa katifa mai rigar leda.
Gumi ya taru ƙarƙashin ƙugu,
ba shi da hanyar fita.
Fitsari ya zo bai yi sallama ba.
Ƙashi na tokarowa daga ciki,
gado na tokarowa daga waje,
fata na tsakiya ta jiƙe, ta yi laushi,
jini ya zo wucewa ya tarar an rufe.

Sista Ladiyo ta shigo, waya a haƙora tana haske.
"Lawandi, kama kafaɗa, ni ƙugu.
Ɗagawa za ka yi, kar ka ja."
Muka mirgina shi ya fuskanci bango.
Na duba baya, na duba gindi,
na ce, "Ai lafiya lau, ba komai."

Ta ce, "Idonka ne ba komai.
Irin fatarmu ba ta yin ja,
ba ta tona asirinta da launi.
Ɗora bayan hannunka nan.
To, ɗora can."
Can kamar randa.
Nan kamar gefen murhu
bayan an sauke tukunya.
"Wannan ɗumin shi ne ɗan aike.
Gyambon na tafe a baya."

Na waiga gado na tara,
direban nan mutumin Mashi.
An ce nasa ya fara kamar sulai,
yanzu auduga yake haɗiya,
ƙanensa na kwana da hanci cikin hula.

"Kar ka murza," in ji ta, "dangwala.
Canza zanin, ja shi ya miƙe,
ko ɓarɓashin burodi kar ka bari.
Matashi tsakanin gwiwa.
Diddige ya rataya, kar ya taɓa.
Bayan awa biyu, ɗaya gefen."
Ta tafi, takalminta na ƙara
har ƙarshen baranda.

Sai hannun Baba, mai rai ɗin,
ya lalubo wuyan hannuna.
Ya matsa fatar tsakanin yatsu biyu
yadda yake yi wa ta tunkiya a kasuwa
kafin ya taya.
Baki ya karkace, yawu ya zubo,
kalma ta fito da ƙyar, guda ɗaya:
"Shanya."

Na so in yi dariya, sai ga hawaye.
Na ɗauko murfin kwali,
na yaye rigar, na shiga fifita.
Sauro na waƙa, wani na kiran uwarsa,
ni ina shanya mahaifina
kamar yadda ya shanya dubu
ya biya mini kuɗin makaranta.

Ƙarfe huɗu saura.
Na sake ɗora bayan hannu.
Ya huce ne, ko hannuna ne ya saba?
Ban sani ba.
Ga takalminta can yana dawowa.
Na miƙe, na kama kafaɗa.